Ranar hutu a kan tsauni: a fita yawo ko a kwanta?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina muna shirin tafiyar ƙasa ta mako biyu a tsaunukan Himalaya na ƙasar Nefal a watan Oktoba, daga Lukla zuwa sansanin da masu hawan Eberest ke kafawa a gindinsa, kowa da jakar goyonsa. A jadawalin da muka samu akwai ranakun hutu biyu, ɗaya a Namche, ɗaya a Dingboche. Ni dai ban ga dalilin da zai sa in yi wannan doguwar tafiya sannan in wuni a ɗaki ba. Ina so in ajiye babbar jaka a masauki, in fita yawon buɗe ido, in dawo da yamma. Abokina kuwa ya ce hutu hutu ne, kada mu ɓarnatar da ƙarfinmu. Wa ya fi gaskiya? In kuma za mu fita, ina ya kamata mu je, me za mu ɗauka? Shekaruna 29, ina gudu kullum da safe, lafiyata lau."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ranar hutu ta kwanciya ce ko ta fita, in ta fita ce ina za a nufa, sannan me za a riƙe. Akwai ta huɗu da ba ka yi ba, kuma ita ta fi damuna: yaushe mutum zai juyo ko da bai kai inda ya nufa ba. Na daɗe ina irin wannan tafiya, wani lokaci ni da ɗan jagora kawai, wani lokaci ina tare da ayari, kuma hanyar da kuka zaɓa na taka ta fiye da sau ɗaya. Daga abin da na gani da abin da likitocin tsauni suka tabbatar zan ba ka amsa.

Kai ka fi kusa da gaskiya, amma dalilinka bai cika ba. Kana so ka fita don kada a bar ka a baya wajen kallo. Ni ina so ka fita don jikinka yana bukatar fitar. Bambancin yana da girma, domin wanda ya fita don kallo kaɗai ba ya juyowa sai ya ga abin da ya je gani, wanda kuwa ya fita don ya horar da jikinsa ya san bukatarsa ta biya tun a rabin hanya. Abokinka ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Ƙarfi a can sama abu ne da ake tattalinsa, in ya ƙare ba ya dawowa da barcin dare ɗaya.

Abin da ke faruwa da jiki a sama

Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, kashi 21 cikin ɗari ne a bakin teku, haka yake a kan Eberest. Nauyin iskar ne ke raguwa, sai ya zama kowane numfashi yana shigo maka da ƙasa da abin da ka saba. A wajen mita 5,500 abin da kake samu ya kusa rabin na bakin teku. Jiki yana da dabarar sabawa: numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu, ƙoda ta fitar da wasu sinadarai ta fitsari don ta daidaita jini, daga baya a ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Sai dai wannan aiki kwanaki yake ci, kuma babu yadda za ka gaggauta shi da ƙarfin hali.

Nan ne zancen gudun safiyarka ya shigo. Zai taimake ka wajen ɗaukar jaka da jure doguwar tafiya, amma ba ya kare mutum daga ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin a sama ke jawowa. A abin da na gani ma, matasa masu ƙarfi su ne suka fi faɗawa, saboda ƙafafunsu suna kai su inda huhunsu bai shirya zuwa ba. Dattijon da ke takawa sannu a hankali, yana tsayawa kowane ɗan lokaci, sau da yawa shi ke isa lafiya ya tarar da saurayin da ya wuce shi da safe yana kwance riƙe da kai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayin wurin da ka kwana, ya fi tsayin wurin da ka taka da rana. Da dare numfashi yana raguwa, oksijin ɗin jini ya yi ƙasa, a lokacin ne jiki ya fi shan wuya. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin tsauni suka fitar take magana a kan wurin kwana: da zarar ka haura mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu ka maimaita kwana a wuri guda. Ranakun hutun da ka gani a jadawali daga nan suka fito. Kun tashi daga Lukla a mita 2,860, cikin kwana biyu kun kai Namche a mita 3,440, dole a tsaya. Daga nan kun kai Dingboche a wajen mita 4,400, dole a sake tsayawa. Masu tafiyar tsauni suna da wata magana da suke maimaitawa, wato ka hau sama da rana, ka kwana a ƙasa. In ka haura mita ɗari uku zuwa ɗari biyar ka dawo, ka ɗanɗana wa jiki abin da ke gaba, sannan ka ba shi dare a wurin da ya riga ya fara sabawa da shi.

Akwai kuma wani irin yawon yini da ya kamata ka bambance shi da wannan, ko da ba a hanyarku yake ba, don wata rana za ka gamu da shi. Shi ne wanda mota ko keken igiya, wato ɗan ɗakin da ke rataye a igiyar ƙarfe ana jan sa sama, ke ɗaukar mutum ya dire shi a sama. A Chamonix ta Faransa, keken igiya yana ɗauko mutum daga wajen mita 1,035 ya kai shi ƙololuwar tsaunin Aiguille du Midi a mita 3,842 cikin kamar minti ashirin. A Feru, motoci suna kwasar baƙi da asuba daga Kusko, wadda ke wajen mita 3,400, zuwa tsaunin nan mai launi-launi, Vinicunca, da ya kai wajen mita 5,000, har da waɗanda jiya-jiya suka sauka daga jirgi. Yawancinsu suna tsira ne don ba sa daɗewa, ciwon tsauni yakan ɗauki sa'o'i shida zuwa goma sha biyu kafin ya bayyana, kafin nan sun sauko. Wannan ba horar da jiki ba ne, shiga ne da fita kafin mai gida ya farka. Naku ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, tunda da ƙafa za ku hau.

Inda zan je, da inda zan bari

Ranar Namche mai sauƙi ce, kuma ina ganin babu wanda ya kamata ya wuni a kwance sai mara lafiya. Ku tashi da sassafe ku hau tudun da ke bayan garin zuwa otal ɗin da ake hango Eberest daga barandarsa, a mita 3,880. Farkon hawan yana da tsayi, matakala ce ta duwatsu da za ta sa ka ji bugun zuciyarka a kunne, amma da ka fito fili sai hanya ta miƙe. Daga can za ka ga tsaunin Ama Dablam a dama kamar an sassaƙa shi da wuƙa, ga tsaunin Lhotse, ga kan Eberest yana leƙowa ta bayan katangar tsaunin Nuptse da tutar ƙanƙara da iska ke figa daga kansa. In da sauran ƙarfi ku gangara ƙauyen Khumjung, inda makarantar da Edmund Hillary, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara kaiwa ƙololuwar Eberest, ya gina a 1961 take, ku zagayo ta Khunde, mai asibitin da aka buɗe a 1966, ku dawo Namche kafin la'asar. Haurawar mita ɗari huɗu da 'yan kai ce, daidai abin da jiki ke so. Duk inda kuka tarar da katangar duwatsu masu rubutun addu'o'in mutanen wurin, ku bi ta hagunta kamar yadda suke yi. Baƙo ne kai, girmama masu gida ba ya rage maka komai.

Ranar Dingboche ita ce ke bukatar tunani. Zaɓi biyu ne a gabanku. Ko ku bi kwari zuwa Chhukung a mita 4,730, hanya mai hawa a hankali, ga katangar kudancin Lhotse a tsaye a gabanku tun daga fari har ƙarshe. Ko ku hau tudun Nangkartshang da ke saman ƙauyen kai tsaye, wanda ƙololuwarsa ta ɗan wuce mita 5,000. Kusan kowa na biyun yake zaɓa, don ana ganinsa daga ƙofar masauki, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ido yana yaudara a irin wannan iska mai tsabta, abin da ka ɗauka tafiyar awa ɗaya ce sai ya ci maka uku.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a idona a kan wannan tudu. Muna tare da wani saurayi, sa'anka ne ko ya ɗan girme ka, mai ƙarfi sosai, shi ke gaba kullum. Da safe ya ce yana ɗan jin ciwon kai, amma ba komai. Na ce masa mu hau zuwa inda tutocin addu'a na farko suke mu dawo. Da muka kai sai ya kalli sama ya ce ai saura kaɗan. Na bar shi ya ci gaba tare da ɗan jagora, kuma har yau ina ganin da na dage. Ya kai ƙololuwa, ya ɗauki hotunansa, ya dawo wajen ƙarfe uku fuska a kumbure, leɓe ya bushe. Da dare aka ajiye masa abinci ya kalla ya ture. Ina ɗakin da ke kusa da nasa, bangon katako ne siriri, ina jin tarinsa har tsakar dare, busasshen tari mai zurfi. Da asuba na shiga na same shi zaune a bakin gado yana haki, alhali ko takalmi bai ɗaura ba. Ba mu jira gari ya gama wayewa ba, muka sauko da shi. Allah ya sa ya warke, amma tafiyarsa a nan ta ƙare. Sansanin da ya yi shekara yana tara kuɗi don ya gani, bai gan shi ba, saboda mita ɗari uku na tudun da ba ya cikin abin da ya kawo shi.

Tun daga ranar, abin da nake gaya wa kowa a Dingboche shi ne: tudun nan ba sai ka kai kansa ba. Ka hau mita ɗari uku ko ɗari huɗu, ka sami dutse ka zauna rabin awa, ka sha ruwa, ka kalli tsaunin Makalu can gabas da kwarin Imja a ƙarƙashinka, ka sauko. Ka sami duk amfanin da ake nema. In ka tashi da safe kai garau, ka yi barci, ka ci abinci da marmari, kuma kana iya hira kana hawa, to babu laifi ka ƙarasa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, Chhukung ya fi maka, ko ma rabin hanyarsa.

Yawo na uku shi ne hawa tudun Kala Patthar, wanda ba a ranar hutu yake ba amma shi ma yawon jeka-ka-dawo ne, daga Gorak Shep, masaukin ƙarshe kafin sansanin Eberest, a mita 5,164 zuwa sama da mita 5,500. Abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun je, daga sansanin kansa, a mita 5,364, ba a ganin Eberest sosai, kafaɗun tsaunukan da ke gabansa suna tare shi. Hoton Eberest ɗin nan da kowa ya sani daga Kala Patthar ake ɗaukarsa. Saboda haka in ƙarfinka na abu ɗaya ne kawai, ka san wanda ka fi so tun kafin ka isa. Yawancin ayari suna hawa cikin duhun asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, kuma rana tana fitowa ne ta bayan tsaunin. Ni na fi son yamma in sama ta yi garau, don a lokacin hasken ke faɗa wa fuskar Eberest ya mai da ita ja kamar garwashi. Amma yamma tana da sharaɗi, sai ka sauko da tocila, kuma sau da yawa gajimare ya riga ya rufe.

Ƙaramar jaka

Nan ne na fi so ka saurare ni, ɗan'uwa. Ranar da mutum ya sauke jaka mai kilo goma sha biyu daga bayansa, yakan ji kamar an cire masa ƙaya. Jiki ya yi sakayau, rana tana haskawa, masauki ga shi nan ana gani. Sai ya ɗauki waya da gorar ruwa ɗaya ya fita da 'yar riga. Duk abin da zai cece shi in al'amari ya juya, rigar sanyi, tocila, magani, yana cikin babbar jakar da ya bari a ɗaki. A ranar tafiya ta sosai kana ɗauke da gidanka a baya. A ranar yawo kuwa ka hau sama fiye da kowace rana, a hanyar da ba ta da masaukai ko masu wucewa da yawa, kuma ba ka riƙe da komai. Ranar da mutane suka fi rainawa ita ce ranar da suka fi zama tsirara.

Ka tuna cewa zafi yana raguwa da kamar digiri shida da rabi a ma'aunin Salshiyas duk mita dubu da ka haura, ga iska a kan tudu da babu abin da ke tare ta. Ka yi gumi wajen hawa, ka tsaya, cikin minti goma haƙoranka sun fara haɗuwa. Don haka ƙaramar jaka mai nauyin kilo uku ko huɗu ba ta rabuwa da bayana. A ciki akwai rigar sanyi mai kauri, da rigar da ke tare iska da ruwa, da hular sanyi, da safar hannu. Akwai ruwa lita biyu, da ɗan guzuri mai ba da ƙarfi da ya wuce abin da nake tsammanin zan ci. Akwai tocilar goshi ko da na yi niyyar dawowa da azahar, domin targaɗe ɗaya ya isa ya mai da tafiyar awa biyu ta zama ta shida. Akwai bandeji da maganin ciwon kai, da taswirar da na sauke a waya wadda ba ta bukatar intanet. Wayar kuma a aljihun ciki nake sa ta, kusa da jiki, don sanyi yana shanye batir cikin ɗan lokaci. Fasfo da kuɗi da takardar inshora su ma suna tare da ni, ba a ɗaki ba.

Tabarau kada ka ɗauke shi kwalliya. Hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kamar kashi goma cikin ɗari duk mita dubu, sabuwar dusar ƙanƙara kuma tana mayar da mafi yawansa sama zuwa idonka. Ƙunar ido ba a jin ta a lokacin, sai da dare mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya buɗewa. Duhun fata ma ba ya hana leɓe da hanci tsagewa, ka shafa man kariya.

Agogo ya fi ƙololuwa

Wani ɗan Sukotland mai hawan tsaunuka, William Naismith, ya fitar da wani lissafi a 1892 da har yanzu ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Lissafin na tsaunukan ƙasarsu ne marasa tsayi. Sama da mita 4,000 ni nakan ƙara rabin abin da ya ba ni, wani lokaci in ninka. Da wannan za ka san tun a ɗaki ko yawon zai shiga cikin yini.

A waɗannan kwaruruka safiya ce taka. Da hantsi ya yi, iska mai ɗumi takan taso daga ƙasa ta biyo kwari, ta kawo gajimare, zuwa azahar tsaunukan da ka zo gani sun ɓace. Ƙoramun da ke fitowa daga ƙanƙara suna cika da yamma, wadda ka tsallake da taku ɗaya da safe sai ka dawo ka tarar tana ruri. Duwatsun da sanyin dare ya ɗaure su ma suna sakin jiki su gangaro in rana ta dake su. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya, a fita da wuri, a dawo da wuri. Kafin ku bar masauki ku yanke lokacin juyowa, ku faɗe shi da baki, misali ƙarfe goma sha ɗaya, ko mun kai ko ba mu kai ba. A ɗaki ake yanke wannan shawara, don a sama ƙarancin oksijin yana taɓa tunani, ga kwaɗayin ƙololuwa, mutum ya zama ba shi ne mai hukunci a kan kansa ba.

Kada kuma kyawun watan Oktoba ya sa ku saki jiki. Shi ne lokacin da ya fi dacewa, damina ta wuce, sama ta washe. Amma a tsakiyar Oktoban 2014 ne ragowar guguwar Hudhud ta juye dusar ƙanƙara a yankin Annapurna, mutane fiye da arba'in suka rasu, da yawansu a kusa da mashigar Thorong La. Ku tambayi mai masauki hasashen yanayi kowace yamma. Ku gaya masa inda za ku da lokacin da za ku dawo, ya san ɗakin da zai duba in dare ya yi. In ɗayanku ya zaɓi kwanciya, ɗayan kada ya hau tudu shi kaɗai, ya bi ɗan jagora ko wani ayari. Tun Afrilun 2023 ma hukumomin Nefal sun sanar da dokar da ta wajabta wa baƙi ɗaukar ɗan jagora a yankunan tafiyar ƙasa, kodayake yadda ake aiki da ita ya bambanta daga yanki zuwa yanki, sai ku bincika kafin ku tashi. A kan siririyar hanya in kun haɗu da ayarin shanun yak, ku raɓe ta ɓangaren tudu, kada ku tsaya ta bakin rami.

Lokacin da abokinka ne ke da gaskiya

In ka tashi da ciwon kai, tare da tashin zuciya ko jiri ko kasala mai nauyi, wannan ciwon tsauni ne har sai an tabbatar da wani abu daban. Ranar ba ta fita ba ce. Ka zauna, ka sha ruwa daidai ƙishi, ka ɗan zazzaga cikin ƙauye, kada ka ƙara ko mita ɗaya sai alamun sun tafi. In sun ƙaru, sauka ne magani, kuma sau da yawa mita ɗari uku zuwa dubu sun isa mutum ya ji kamar an sake shi. Alamu biyu kuwa ba a jiran safiya da su. Na farko haki a zaune ba tare da an yi aikin komai ba, da tari mai jiƙa, alamar ruwa ya fara taruwa a huhu. Na biyu tangaɗi da ruɗewa, alamar kumburin ƙwaƙwalwa. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka ja layi a ƙasa ka ce wa mara lafiyar ya taka a kai, diddige na taɓa yatsu. In ya kasa, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya tafi shi kaɗai. Mai wannan hali yakan yi gardama ya ce lafiyarsa lau, ciwon ne ke magana. Ku yi wa juna alkawari tun yanzu cewa in ɗaya ya ce a sauka, an gama magana.

A Pheriche, ƙetaren tudu kaɗan daga Dingboche, akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya da ke aiki tun 1973, likitocinsa kan yi wa matafiya bayani a kan ciwon tsauni da rana a lokacin da baƙi ke zuwa. In kun sauko daga tudu da wuri, zuwa can ma yawo ne mai amfani.

Iyakar abin da zan iya faɗa maka ke nan daga nesa: ni matafiyi ne, ban duba jikinka ba, kuma mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna iya bin hanya ɗaya, ɗaya ya sha wuya ɗaya ko a jikinsa. Ka ga likita kafin ka tashi. Ka tambaye shi game da maganin acetazolamide, wanda akan sha miligiram 125 sau biyu a rana don taimaka wa jiki ya saba, yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kuma ba ya maye gurbin hawa a hankali. Sannan ku duka biyun ku san rukunin jininku na sikila. Mai ɗauke da AS yana rayuwarsa lafiya a ƙasa, amma a wuri mai tsayi, musamman da wahala da ƙarancin ruwa a jiki, jini yana iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ta sama, ƙarƙashin haƙarƙari. Littattafan jagorar matafiya da yawa ba sa ambaton wannan, shi ya sa nake dagewa a kai. Mai SS kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce sai da izinin likitansa ƙarara. Ku tabbata kuma inshorarku ta rubuta cewa ta haɗa da tafiya har mita 6,000 da ɗauka a jirgi mai saukar ungulu, don da yawa suna tsayawa a ƙasa da haka.

Da ni ne a matsayinka, ga yadda zan yi. A Namche mu fita tare ƙarfe bakwai, mu zagayo ta Khumjung, mu dawo mu huta da yamma, abokinka ya sami rabin yininsa. A Dingboche in duba kaina da safe, in hau Nangkartshang zuwa inda numfashina ya yarda, in juyo kafin sha ɗaya. Sannan in ƙara kwana ɗaya a jadawalin wanda ban ba shi aiki ba, ko don jirgin Lukla da hazo kan hana shi tashi, ko don ranar da ɗayanku zai farka yana bukatar ƙarin dare a wuri guda. In ba ku taɓa shi ba har kuka juyo, ku yi amfani da shi a ƙauyen Pangboche, ku ƙetare kogi ku hau zuwa sansanin Ama Dablam a wajen mita 4,600. A lokacin jikinku ya riga ya saba, za ku hau kuna hira.